Kaset ɗin Iya Laraba

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, domin bangon zauren gidan nan bai kai kaurin da kuke zato ba. Kowace shekara, washegarin Kirsimeti, idan Baba Bulus ya zo daga Yara da kwanon shinkafarsa da soyayyar kaza, muka shiga zaure muka tura ƙofa, sai ku taru a gindin taga kuna toshe baki, wai Baba ya fara. Kun ji ina magana da muryar tsohuwa, ina tari irin na tsoho, har da cara irin ta zakara, kuka yanke hukunci cewa wani abu ya taɓa ni a Turai. Mahaifiyarku ma ba ta taimaka ba, don duk wanda ya tambaye ta sai ta ce a ƙyale ni, sanyin can ne bai gama fita daga kaina ba. Na kuma ji labarin da ke yawo tsakaninku, wai jarrabawa na faɗi a Holan aka koro ni. Ban faɗi ba. Ban zauna ba ne, kuma akwai bambanci. Tunda ga autarku Maryam tana haɗa akwati za ta irin wannan karatu na musayar ɗalibai, gara in warware muku zancen da kaina kafin ku binne ni da sunan mai aljanu.

Ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun aikin gona, aka zaɓi mutum biyu da za su je Holan wata shida, su ma Turawan su turo nasu biyu su zo su sha ranarmu. Na shiga cikin biyun. An kuma gaya mana tun a gida cewa wanda ya fi ƙoƙari a jarrabawar ƙarshe a can, za su sake gayyato shi ya yi digiri na biyu kyauta. Ni kuwa a lokacin ina da kai, ina kuma da girman kai daidai da shi, saboda haka tun kafin in ga jirgi na riga na raɗa wa kaina suna Dakta.

A wancan zamani ba a fita Keffi kamar ɓarawo. Inna, wato kakarku, ta ce sai na taka kowane gida da ya taɓa ba ni ko da ruwan sha ne na yi sallama. Kwana huɗu ina zagaye, daga nan Angwan Iya zuwa Tudun Ƙofa, ina durƙuso har gwiwar wandona ta koɗe. Kowane gida addu'a ɗaya ce, saƙo kuwa goma. Wannan agogo, wancan maganin gwiwa. Wani tsoho ya ce in na isa in gaishe masa da wani Bature mai jan hanci da ya taɓa aikin hanya a nan, bai san sunansa ba, amma in na tambaya za a nuna mini. A wurin mutanenmu na lokacin, Turai gari ɗaya ne mai kasuwa ɗaya da tasha ɗaya, duk wanda kake nema sai ka je tasha ka tambayi 'yan kamasho. Na yi ta cewa to, to, ina zubar da saƙonnin a bakin ƙofa ina fita. Gida ɗaya ne kawai ban iya zubar da nasa ba, gidan Iya Laraba a Yara.

Iya Laraba 'yar ƙabilar Mada ce, Kirista, kuma ita ce ungozomar da ta yanke wa rabin yaran garin nan cibiya, har da ni. Ƙawar Inna ce ta ƙut da ƙut. Mijinta Baba Yakubu kafinta ne, mutum mai taurin kai wanda in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya sauya maganar. Ɗansu ɗaya namiji, Bulus, ya girme ni da shekara biyar, kuma a hannun ubansa ya koyi sana'a. Wata rana Bulus ya kwashe akwatin kayan aikin uban, da zarto da guduma da komai, ya sayar ya yi kuɗin mota zuwa Ikko, daga can ya shiga aikin jirgin ruwa. Baba Yakubu ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji, ya rantse cewa muddin yana numfashi hannun Bulus ba zai ƙara buga ƙusa ko ɗaya a gidan nan ba. Duk Keffi an san wannan rantsuwa. Shekara tara ke nan, abin da aka gani daga Bulus wasiƙa ɗaya ce da hoto ɗaya.

Na tarar da Iya Laraba tana tsince wake, Baba Yakubu yana kan kujera a gindin mangwaro ya juya mana ƙeya.

"Tanko, an ce za ka Turai," in ji ta. Ita kaɗai ta rage tana kira na da sunan yarinta.

"Haka ne, Iya. Holan za ni."

"To madalla. Bulus ma yana can."

Ta zaro tsohon ambulan daga ƙasan faifai ta miƙo mini. Na duba adireshin.

"Iya, ai wannan Beljiyam ce. Wata ƙasa ce daban."

"Ba Turawa ba ne a ciki?"

"Su ne."

"To me ya raba? Ni ina Yara, uwarka tana Angwan Iya. Ranar da za a haife ka, cewa na yi wata unguwa ce daban?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli, leda a cikin ɗankwali, ɗankwali a cikin wata ledar. Kaset ne. Ta aro rikodar matan cocinsu, ta zauna ta yi wa ɗanta magana har fuska ɗaya ta cika, tunda ita ba ta rubutu, kuma wasiƙun da aka rubuta mata an tura ba amsa.

"Hannu da hannu, Tanko. Kar ka ba gidan waya, sun cinye mini wasiƙa shida. Ka sa masa a hannu, ka ga ya ji."

Na ce to. Da na dawo gida na ba Baba, kakanku, labari ina dariya, bai taya ni ba. Ya tambaye ni ko na ce mata to, na ce na ce. Ya ce to in daina dariya, alkawari kaya ne, kuma na riga na ɗora shi a kaina.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin sanyi da kekuna da burodi mai tauri ba, Maryam za ta je ta gani, gani ya kori ji. Abu biyu ne suka dame ni a Holan. Na farko Turancin Farfesanmu, wani dogon mutum mai zuwa aji a kan keke, wanda yake magana kamar yana kurkure baki. Kalma uku nake kamawa cikin goma. Saboda haka na sayi 'yar ƙaramar rikoda a hannun wani ɗalibi, ina ajiye ta a kan tebur in ɗauki lacca, in na koma ɗaki in yi ta maimaitawa har in gane. Dabarar ta yi aiki, domin kafin wata uku na zama na gaba a aji, har Farfesa ya fara kiran sunana daidai. Abu na biyu shi ne shiru. Abokin tafiyata an kai shi wani gari daban. A gidan ɗaliban da aka sa ni, mutum zai wuce ka a matakala ya ɗaga gira, wai ya gaishe ka ke nan. Ni da na tashi a gidan da ake tambayar ka kwanan gajiya da ta shekaranjiya, sai na wayi gari ina mako guda ban furta kalmar Hausa ba sai a cikin addu'a.

Tun makon farko na rubuta wa Bulus wasiƙa a adireshin nan, wani masaukin ma'aikatan jirgi ne a bakin teku. Shiru. Na sake, shiru. Kaset yana kan tebur cikin ɗankwalinsa yana kallona, rikoda tana gefensa. Wata ranar Asabar da hantsi, ana ruwan da ba ya tsayawa ba ya kuma ƙarfi, Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kama da hankali. Ya ce, kai Tanko, ka tabbata sanyin nan bai lalata kaset ɗin mutane ba? Ai duba amana ma riƙon amana ne. Ka saurari minti ɗaya kawai. Na kwance ƙulli, na saka, na danna.

"Bulus, ka ci abinci?"

Wallahi da na ji muryar nan sai da na waiga. Ga kukan kaji, ga sautin turmi daga maƙwabta, ga mai sayar da kananzir yana wucewa. Yara ce gaba ɗayanta ta shigo ɗakina. Minti ɗaya ya zama rabin awa, na kuma yi kuka kamar ni ne Bulus ɗin. Washegari na sake duba ko sanyi ya lalata shi. Jibi ma haka. Daga nan na daina yi wa kaina ƙarya, ya zama shi ne abokin karin kumallona. Ina shan shayi Iya Laraba tana zagin ɗanta, ni kuma ina amsawa da "ai kuwa, Iya". Wata huɗu ina wannan sata, har na haddace shi tsaf, da inda take jan numfashi, da inda zakara ke katse ta.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wata Talata na makara, na suri rikoda na zura a jaka, na isa aji Farfesa ya riga ya buɗe baki. Na ajiye ta a tebur na danna jan maɓallin ɗauka, na gyara zama ina jin daɗin kaina. Laccar ranar a kan taki ce, yadda ake tara kashin shanu da yadda ake juya shi. Sai da na koma ɗaki na ga ɗankwalin Iya a kan tebur babu komai a ciki. Na mayar da kaset farko. "Bulus, ka ci abinci?" in ji ta. Sai wani ƙas, sai Farfesa ya yi gyaran murya ya shiga kashin shanu, bai fito ba har ƙarshen zare. Kalma huɗu suka rage daga maganar da uwa ta tara ta shekara tara.

Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Na yi tunanin in ce an sace a filin jirgi. Na yi tunanin in ce sanyi ne ya lalata shi, tunda Shaiɗan ya riga ya ba ni wannan. Na ɗan samu sauƙi da na tuna cewa Bulus ba ya amsa wasiƙa, wataƙila ma ba za a taɓa samun sa ba, kun ga inda lalacewa ta kai ni, ina fatan ɗan mutane ya ci gaba da ɓata don asirina ya rufu. Ana wata ga wata, sai ga kati ya iso daga Bulus. Layi uku ne. Ya ce yanzu ya ga wasiƙuna. Ya ce jirginsu zai tsaya yini ɗaya tak, ranar Alhamis ta makon sama, daga nan sai Kudancin Amurka, ba ya sa ran dawowa kafin shekara. In mutuwa aka yi in rubuto, in kuwa wani abu ne in zo. Na duba takardar jarrabawa da ke manne a bango. Alhamis ɗin ce, ƙarfe goma na safe, babbar jarrabawar Farfesa.

Na gwada rubuta saƙon a takarda in tura. Ya fito rabin shafi: mahaifiyarka tana gaishe ka, akuya ta haihu, ka yi aski. Na karanta na ga wannan ba Iya Laraba ba ce, sanarwar ofis ce, kuma mutumin da ya ƙi amsa wasiƙa shida ba ta bakwai ce za ta motsa shi ba. Sai na tafi wurin Farfesa in roƙi a sauya mini rana. Ya buɗe littafin da yake rubuta duk abin da zai yi a rayuwarsa.

"Rasuwa aka yi maka?" in ji shi.

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ba ka da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Saƙo zan kai."

"Akwai gidan waya a bayan ɗakin karatu."

"An ce hannu da hannu. Kuma saƙon ba ya cikin kaset yanzu, yana cikin kaina."

"Me ke cikin kaset ɗin?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ba mugun mutum ba ne, har ya ce abin ya ba shi tausayi. Amma ya ce doka ba ta san saƙo ba. Wanda bai zauna ba sai ya jira zama na biyu bayan wata uku, ni kuwa takardar zamana saura mako biyu ta ƙare. Ya ce in yi tunani da kyau, domin sunana ne a saman takardar waɗanda za a sake gayyata.

Na yi tunanin. Kada ku ɗauka waliyyi ne ubanku. Ranar Alhamis ɗin na yi shiri da biro biyu a aljihu, na kama hanyar ɗakin jarrabawa, na ce Allah ya ga zuciyata. Amma ina tafe muryar nan tana tafe da ni, ka ci abinci, ka ci abinci. Na hango kaina na koma Keffi da sunan Dakta, na durƙusa a gaban matar da ta yanke mini cibiya, ta ce Tanko, ya ji? Na san zan iya yi wa Farfesa ƙarya, zan iya yi wa Baba ma in ta kama, amma wannan ban ga ta inda zan fara ba. A mararrabar da ke gaban ɗakin karatu na juya keke na nufi tashar jirgin ƙasa, ina zagin kaina da Bulus da wanda ya ƙirƙiro rikoda.

Da azahar na same shi a ɗakin cin abincin masaukin, cikin ma'aikatan jirgi na ƙasashe iri-iri. Ya zama ƙato, ga gashi tuli a ka kamar na hoton. Bai tashi ba, ya miƙo hannu yana taunar abinci.

"Tanko na gidan Inna? Ka girma. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya Bulus. Iya ce ta aiko."

Na ɗora rikoda a tebur na danna, don na ƙudura ba zan fara da ƙarya ba. Da muryar uwarsa ta ce ka ci abinci, cokali ya tsaya masa a hanya. Sai ƙas, sai kashin shanu. Ya saurara na ɗan lokaci, yana jira ko za ta dawo. Na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya miƙe tsaye, sai na ga ashe ya fi yadda na zata tsawo, ya cakumi wuyan rigata har ƙafata ta ɗan bar ƙasa.

"Ka zo tun daga Keffi ka kawo mini Bature yana zancen kashi?"

"Yaya, sauke ni. Saƙon yana nan, na haddace. In ka shaƙe ni ya tafi ke nan."

Ya sauke ni. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita, don ba a yin Iya Laraba a tsaye cikin kwat. Na ture kujera na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu yadda take yi, na ɗauko ɗankwalinta na ɗaura a kaina. Cokula suka tsaya a duk ɗakin. Na rufe ido na danna kaina kamar rikoda.

"Bulus, ka ci abinci? Ni ce uwarka, in ba ka manta kana da ita ba. Ɗan banza mai kunnen ƙashi. Na ga hoton da ka aiko. Wannan gashi fa? Babu wanzami a Turai, ko kaji kake kiwo a ciki? Jar akuyar nan ta mutu, amma 'yarta ta haifi biyu. Asabe da kake ta leƙe ta katanga ta gaji da jira, 'ya'yanta huɗu yanzu, ni na karɓi haihuwarsu duka, kowanne ina yanke cibiya ina cewa da jikana ne."

A nan zakara yake katse ta, saboda haka na yi cara. Wani Bature mai zane a hannu ya ƙware da shayi. Na ci gaba, na bi gidajen Yara ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi aure, wanda ya tafi soja, wanda ya sha giya ya faɗa rijiya aka fito da shi yana waƙa. Da na zo kan waƙar da take yi masa da yaren Mada tun yana goye, na rera ta yadda kunnena ya ɗauka, ni da ban san ko kalma ɗaya ba. Bulus ya fashe da dariya har yana dukan tebur, ya ce na kashe yaren kakanninsa na binne. Amma dariyar ba ta ƙare da dariya ba, na ga yana share ido da bayan hannu.

"Ga babanka nan zaune," na ci gaba da muryarta. "Ya ce ba zai yi magana ba. Yakubu, ka yi wa yaro magana mana, abin yana juyawa, batir na mutane ne! Ka ji shi ko? Sai tari."

Na yi tarin Baba Yakubu, sau biyu gajere, sau ɗaya dogo. Daga nan ta yi addu'a ta ce amin. Na kai hannu zan kwance ɗankwali, don a ganina saƙo ya ƙare. Akwai wani ɗan gunaguni da tsohon ya yi daga nesa kafin kaset ya tsaya, wanda kullum nake ɗauka mita ce kawai irin ta tsofaffi. Har na so in bar shi, sai na ce tunda na yi zakara, me ya rage? Na kumbura murya na juya ƙeya.

"Ki gaya masa ɗakin nan yana yoyo."

Bulus ya daina motsi.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Da bakinsa ya faɗa? Tanko, kar ka ƙara mini gishiri."

"Da bakinsa, Yaya. Har da tari a gaba."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Mutumin da ya rantse hannun ɗansa ba zai ƙara buga ƙusa a gidansa ba, shi ne yake aika masa cewa rufi yana yoyo. Wata huɗu ina sauraron wannan magana da shayi a hannu, ni mai kai, ban gane cewa ita ce saƙon ba, sauran duk rakiya suka yi mata. Ƙaton nan ya kifa kansa a tebur ya yi kuka kamar yaro, ni ina zaune a ƙasa da ɗankwali a ka, Turawa kuwa ganin an gama wasa sai suka tafa mini.

Na dawo Keffi da takarda mai gurbi ɗaya babu maki. Ba a sake gayyato ni ba. Wanda ya zo bayana a aji shi aka kira, na ji daga baya ya zama babban mutum a wata hukuma ta duniya. Ni kuwa na gama digirina na kama aikin malamin gona, na yi shekara talatin da ɗoriya ina bin ƙauyuka a kan babur ina koya wa manoma tara taki, laccar da babu wanda ya kai ni saninta a duk ƙasar nan. Ba zan ce muku bai taɓa yi mini ciwo ba. Ya yi, musamman ranakun da babur ya mutu a cikin laka. Inna ta yi wata guda tana gabatar da ni ga baƙi da cewa ga wanda ya je Turai kai saƙo. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi mini, ko na sauke kayan mutane, na ce na sauke, ya ci gaba da jan carbinsa.

Bulus bai bi jirgin nan zuwa Kudancin Amurka ba. Kafin damina ta faɗi ya iso Yara, da sabon aski da akwatin kayan aiki. Ya wuce kai tsaye ɗakin da ke yoyo. Ya jingina tsani ya hau. Baba Yakubu ya juyo da kujerarsa a karon farko, ya zauna yana kushe kowace ƙusa, wannan ta karkace, wannan aikin 'yan jirgi ne. Damina biyu ya kwana a ƙarƙashin rufin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Iya Laraba kuwa sai da ta ji kaset ɗin, don Bulus bai iya riƙe sirri ba. Ta saurari Farfesa tun daga farko har ƙarshe, ta ce wannan bawan Allah ko numfashi ba ya yi, sannan ta aiko a kira ni in yi mata ita. Na yi. Ta ce muryar ta yi, amma ita ba ta taɓa miƙe ƙafa haka kamar marar tarbiyya ba.

Babu wanda ya yi tunanin sake ɗaukar muryarta, tunda ga ta ga ɗanta, me za a yi da kaset? Sai da ta rasu muka farga cewa sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar maganar matar nan a duniya, kuma ni na goge. Kalma huɗun da suka rage ma rikoda ta cinye zaren wata shekara. Kirsimetin farko bayan rasuwarta Bulus ya zo da shinkafa, ya zauna a zauren nan yana ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Malam, a kunna mini kaset." Abin da kuke leƙe ke nan shekara da shekaru. Maryam ta taɓa cewa in bari ta ɗauka a waya don kar ya ɓata, Bulus ya ce a'a, shi nasa kaset ɗin mai cin kaza ya fi so.

Yanzu na fara mantuwa. Bara na tsallake Asabe da 'ya'yanta huɗu, sai shi ya tuna mini. Muryar kuwa ta fi sauƙin fita, don tsufa ya kawo ni kusa da ita, tarin ma ba sai na ƙirƙira ba. Abin da ba ku taɓa ji ta taga ba shi ne ƙarshen, domin a hankali ake yin sa. Idan na juya ƙeya na ce ki gaya masa ɗakin nan yana yoyo, Baba Bulus, mai jikoki goma sha ɗaya da furfura har gira, yakan sunkuyar da kai ya ce:

"Na gyara, Baba."